Tafintan Ɗaki na Shida

Ni mai gadi ne a nan Yaba, aikina ƙofa.
Amma in an kawo ɗan Arewa da ba ya jin Turanci
sai a leƙo ta taga: Namadi, zo ka ara mana bakinka.

Ran Talata aka kawo Haladu,
ɗan acaɓa daga Agege, hannu ɗaure da igiyar shanya.
An ƙwace babur ɗinsa a Oshodi,
a gabansa inji ya matse shi kamar gwangwanin madara,
saura biya tara bai gama ba.
Kwana goma sha ɗaya yana tsaye a ƙofar ofishinsu
riƙe da makulli, yana kiran lambar babur
kamar mai cigiyar yaro a kasuwa.
Da kiran ya ishe su, suka ce taɓin hankali ne.

Likita Oyelaran ba mugu ba ne.
Yana ba ni goron sallah, yana tambayar gwiwata.
Takardarsa ce mai akwatuna,
kowane akwati da bakinsa a buɗe.

Ya ce, tambaye shi ko yana jin muryoyi.
Haladu ya ce, ina ji mana.
Mai babur tun asuba, tsohuwata daga Illela,
ko na kashe waya ba sa yin shiru.
Na juya. Biro ya sauka a akwati.

Tambaye shi ko yana ganin ana bin sa.
Haladu ya yi dariya: Legas fa muke.
’Yan tikiti, ’yan sanda, yaran tasha, mai ɗaki,
wa ya taɓa wuni a titi ba a bi shi ba?
Na juya. Biro ya sauka.

To, yaya yake ji a ransa?
Ya ce, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.
Nan na tsaya.
Kakata ta faɗi haka ran da tuwonta ya yi gudaji gaban baƙi,
kuma sai da ta ga casa’in.
Na laluba Turancina na bakin ƙofa
ban sami inda kunya ke kwana a cikinsa ba.
Na ce, yana so ƙasa ta rufe shi.
Likita ya ja layi biyu, ya danna ƙararrawa.

Mutum huɗu, allura ɗaya.

Ban ce babu ciwo ba.
Na ga matar da ƙwayar nan ta maido wa sunayen ’ya’yanta,
ta fita tana lissafa su da yatsu, tana kuka.
Abin da ke hana ni barci daban ne:
wanda ya danna injin ba a zaunar da shi ba,
ba a tambaye shi yau wace rana ce ba,
balle ko yana jin ƙarar ƙarfe da dare.
Shi yana da hatimi.
Haladu makulli kawai gare shi,
shi ma an sa a ambulan, an rubuta lamba a kai.

Yau sati uku.
Yana tafe kamar mai ratsa ruwan Yuli a Oshodi,
hannu na rawa, yawu a gefen baki.
Ya daina kiran lambar.
Aka rubuta: ya sami sauƙi.
Su ma can ofishin na ji sun samu.

Jiya da magariba, ina jan ƙofa,
ya iso bakin waya a hankali, ya gaishe ni da aiki.
Ya daɗe yana neman maganar kafin ta zo.
Namadi, ran nan,
me ka gaya masa na ce?

Na duƙa ina gyaran kwaɗon
da babu abin da ya same shi.