Taswira a Bayan Tawada

Shekara talatin ina jan layi
a ofishin safiyo, can wajen Bukuru:
nan gonar wane, nan ramin kuza,
nan kududdufin da ya haɗiye shanu biyu.
Hannuna bai taɓa rawa ba.

Yau ga ni a Dogon Dutse, ruwan Agusta ya hana fita,
kyanwa a cinya, mataji a hannu.
Kangyang maƙwabciyata ta kawo ta cikin kwandon dankali,
wai kakanninta a gidajen Turawan haƙa suka tashi,
shi ya sa gashin ya zubo kamar gemun masara.

Baƙar hula ta sa, ta karkato kan kunnen hagu.
Ƙirji fari fat, kamar an kifar da ƙwaryar nono.
Ƙafa uku da safa, ta huɗun haka nan,
sai ka ce kiran gaggawa aka yi mata.
Gefen hanci ɗigo guda,
dalilin da jikata Ramlatu ta raɗa mata Tawada.

Na ce bari in zana ta.
Na feƙe fensir, na nemi inda baƙi ya tsaya.
Ina! Dogon gashi ba ya riƙe iyaka.
In na taje gaba, baƙi ya haura gonar fari,
in na taje baya, fari ya kwanta a kansa,
ba ƙara, ba alƙali.
Miƙa ɗaya ta yi, taswirar ta tashi aiki.

Na buɗa gashin da yatsa har fata.
Akwai layi a can, ban musa ba,
amma ɗumin ɗaya ne.

Watan jiya ta haifi huɗu a bayan buhun gawayi,
kowa da rabonsa:
wannan baƙin sirdi, wancan jela kaɗai ya samu,
na uku gashin baki irin na tsohon saja,
auta fara sol, sai tabo tsakanin kafaɗu.
Ba wanda ya zo neman a sake awo.

Da yamma takan tsallake katanga,
ta ci kan kifi a gidan Kangyang,
ta dawo nan ta lashe madara.
Farin gashi a baƙin wandona,
baƙi a kan farar rigar Juma'a.
Ramlatu na tsincewa tana mita.
Na ce, bar shi, 'yar nan.
Miƙo min matajin.