Rumbu Ba Ya Tari

Wajen Ƙofar Kuyambana, inda ganuwa ta zaizaye
har awaki ke hawa su kwanta,
'yan mata bakwai sun tsugunna da la'asar,
kowace ta kife tafin hannu a baki.
Ta takwas tana zagaya su, tana jan ƙafa:

Gero, gero, shiga rumbu,
rumbu ba ya tari.
Wa ke ciki? Babu kowa.
Wanda ya motsa, nasu ne.

Ƙaramar cikinsu ta fashe da dariya.
Aka ja ta a hannu zuwa gindin dalbejiya,
an cinye ta ke nan.
Ta tsaya tana tsalle, tana jiran a sake.

Ni ma na tsugunna haka a tsakar gidanmu.
Gwaggo Barmani ba ta taɓa hana mu ba,
sai dai in mun fara
mazarinta yakan tsaya,
zaren ya tsinke,
ta ce audugar bana ba ta da kyau.

Sai da na yi gemu ta gaya mini,
a bencin asibitin Shika, muna jiran a kira lamba.
Ta ce kakarta ba a birni aka yanke mata cibi ba.
Can kudu, wani gari a gindin dutse
da babu mai tuna sunansa.
In karnuka suka yi haushi kafin asuba
uwaye kan ɗaga yara ɗaya ɗaya
su zura su a rumbu, su rufe.
Waƙar da rana ake koya ta, da tafi da dariya,
don in dare ya yi, jiki ya tuna.

Ta ce kakar tana da ƙane, Tunau,
bai gama fitar da haƙora ba.
Ka san ƙaiƙayi da maƙogwaron yaro.
Ta ji ƙirjinsa yana tasowa,
ta ji takun baƙi a gindin rumbu,
ta yi abin da waƙa ta ce.
Ta danne. Ta ƙara dannewa.
Da hantsi aka buɗe.
Tunau bai yi tari ba.
Bai sake yi ba.

Bayan damina biyu suka dawo,
wannan karon a rafi suka same ta.
Ta shigo ta ɗaya daga ƙofofin nan da igiya a wuya,
ba zane na biyu, ba yaren da wani zai ji.
Da bakinta ya karye da Hausa
ta juya waƙar, ta rera wa goyon gidan da ya saye ta.
Yaran suka so ta.
Suka kai ta dandali.

Aka kira lambarmu. Gwaggo ta miƙe,
ta ce in riƙe mata takalmi.

Na taɓa kai zancen Samaru
wurin wani malami mai ɗakin littattafai har rufi.
Ya ce bai ga an rubuta ba,
wataƙila waƙar ɓera ce kawai da hatsi.
Wataƙila.
Amma ban taɓa ganin ɓeran da aka koya wa rufe baki ba.

Yanzu ga su nan a inuwa ɗaya,
jikokin masu igiya da jikokin masu wuya,
babu mai iya rarrabewa, har su kansu.
'Yata Kyauta ce ta uku daga hagu.
Ita ba a taɓa cinye ta ba.
Takan ƙame kamar turmi, idonta a rufe,
har mai zagaye ta gaji.
Ƙawayenta suna cewa gwana ce.

Na tsaya a bakin hanya da ledar tumatir a hannu
ina duban wannan ƙaramin tafi a kan wannan ƙaramin baki.
Sai na yi tari.
Da ƙarfi, da gangan, har mai faci ya waiwayo.
Kyauta ta buɗe ido ɗaya,
ta gan ni,
dariya ta ƙwace mata.