Huhu a Cikin Kaki

A ƙarƙashin wani asibiti, gabashin Landan,
akwai ɗakin da rana ba ta san da shi ba.
Mai gadi ya miƙo makulli, ya ce in na gama
in kashe fitila, in ja ƙofar da ƙarfi,
ta daɗe da daina rufuwa.

Akwati na sha bakwai, layi na uku:
ɗan curin kaki, bai kai dabino ba,
a cikinsa tsokar huhu, janta ya koma ƙasa-ƙasa.
Takardar jikinsa ta koɗe:
Winifred Ashby, shekara ashirin da uku,
mai yankar tikiti a motar haya,
Nuwamba, alif ɗari tara da sha takwas.
Likita ya ƙara da hannunsa: ta yi shuɗi.
Sauran ba ya karantuwa.

Winifred, ran Juma'a kin tashi da ciwon kai,
kin ce sanyi ne, kin ɗaura gyale, kin fita.
Lahadi leɓɓanki sun rine
kamar an tsoma su a marina.
Litinin ƙararrawa ta cika gari,
yaƙi ya ƙare, maza na jefa hula sama,
ke kuwa kina nutsewa a kan busasshen gado,
ruwan ƙirjinki ya ci ki, ba kogi ba.
Uwarki ta tashi ta rufe taga
don kada ki ji ana shewa.

Likitocin zamaninki sun leƙa madubi,
sun ga wata ƙwaya, sun ce ga ɓarawo.
Ashe ɗan kallo suka kama.
Ɓarawon ya fi ƙarfin idon gilashi,
yana ratsa matata kamar iska a zana.
Suka laƙaba masa sunan Sifaniya,
ƙasar da laifinta ɗaya ne:
jaridunta ba su saba da takunkumi ba.
Mai ihu aka ɗaure,
mai sata na ta wucewa.

Har yau abin na ɗaure mana kai:
ta ƙyale tsoho da sandarsa
ta sunkuci majiya ƙarfi.
Wasunmu na cewa dakarun jini ne suka fusata,
suka cinna wa rumbu wuta don kashe ɓera.
Ban sani ba. Ina dai aunawa.

Kakata Tasalla ba ta san shekarunta ba.
In an tambaye ta sai ta murza goro, ta ce,
ina goye aka yi marisuwa.

Jirgin ruwa ya sauke ta a Ikko,
jirgin ƙasa ya haura da ita arewa,
ba ta biya ko anini ba.
Uwar Tasalla ta kwanta da la'asar,
maƙwabciya ce ta kwance goyon.
Ke da ita, Winifred, ba ku taɓa jin sunan juna ba,
baƙo ɗaya kuka yi, wata ɗaya,
bai yi sallama ba wajen shigowa.

Gobe zan shafto siririn yanki,
in narkar da kakin, in tace, in jira.
Abin da zai fito wasiƙa ce da gara ta ci,
shafi takwas, baƙaƙe huɗu kacal,
nan kalma, can rami.
Waɗanda suka riga ni karantawa sun ce
akwai sawun tsuntsu a gefen rubutun.
To wane tafki? Wace agwagwa?
Shekara ɗari, ba mai amsawa.

Na mayar da sauranki akwati na sha bakwai.
Na kashe fitila.
Na ja ƙofar da ƙarfi, ta ƙi, na sake ja.
A waje yayyafi, mota ta cika maƙil,
wani saurayi a bayana ya yi tari sau biyu,
ya ce a yi haƙuri, sanyi ne.
Na duba taga. Na lissafa mu:
talatin da ɗaya, numfashi ɗaya
muke ta rabawa.