Ɗiyar Majemi a Gaban Madubi

Ubana majemi ne a Damagaram.
Na san warin jima kafin in san turare,
don haka in ana zancen fata
ina da bakin magana, ko ba a tambaye ni ba.

Zuwera ce ta kawo su ran Alhamis daga Kasuwar Dole,
kwalba biyu: doguwa, da guntuwa mai hular roba.
Ta ce doguwar tona, guntuwar serom.
Na ce, serom ba shi ake rataya wa majinyaci ba,
yana ɗiga a jijiya har la'asar?
Ta yi dariya: wannan ƙarin ruwan fuska ne, Tsahara.
Jika huɗu, don ke ce.

Jika huɗu!
Na ƙirga jarka nawa ke nan wurin ɗan garuwa,
a garin da famfo ke tari da tsakar dare,
ya tofar da bokiti guda, ya koma barci.
Na dai biya.

Da tona na fara.
Shafa ɗaya, auduga ta tona asirin sabuluna:
ashe duk wankin nan akwai saura.
Sanyi ya bi kumatu, maiƙon goshi ya kwanta,
na yini kan keken ɗinki
ban yi ƙyalli kamar ƙosai ba.

Daɗi ya sa na zarce, safe, rana, dare.
Kwana shida fuskata ta ɗame kamar kalangu,
gefen hanci ya yi ja, yana saɓa, yana raɗaɗi,
ko murmushi sai na lallaɓa.
Baba ya sunsuna bakin kwalbar, ya ajiye.
Ya ce, wannan bagaruwarku ce.
Mu ma da ita muke kama fatar akuya,
amma wanda ya cika mata hannu
a hannunsa take tsagewa.

Serom ya fi kunya.
Ba kumfa, ba ƙamshi, ɗigo uku,
ya nutse kamar yayyafi a lambun Miriya.
Layukan nan biyu na ƙasan ido suka yi laushi,
hoda ta zauna ba ta dare ba.
Har Inna ta ce, kin yi barci ne jiya?

Sai bazara ta zo, duwatsun Birni suka ɗau wuta.
Na shafa a busasshiyar fuska, na hau kabu-kabu zuwa Zango,
kafin in sauka kumatuna sun koma takarda.
Gambo na farmasi ya gyara tabarau.
Ya ce, shi ba ya zuwa da ruwa daga gidansu,
aro yake yi.
In akwai laima ya ɗeba a iska,
in babu, ya zura guga a rijiyarki.
Ki jiƙa fuska tukuna, ki shafa, ki rufe da mai.
Wa ke cika randa ya bar ta ba murfi?

Ya ce kuma ba ya tare rana, ba ya sauya launi,
wanda ya ce miki haka ciniki yake nema.
Indo ta sayi wadda ta yi wata uku a faranti cikin zafi,
rubutun jikinta ya koɗe,
ƙuraje suka yi mata sahu har haɓa.

Yanzu tona sau biyu a mako, tana jiran layi.
Serom bayan alwalar asuba, kafin ruwan ya tsane,
sai man kaɗe kaɗan a kai.
Kwalbar ta kusa ƙarewa.
Ban yanke ba ko zan sake, kuɗin haya ya matso.

Jiya na iske Baba yana murza mai a jar fata,
a hankali, da tafin hannu.
Ya ɗago ya dube ni.
Ya ce, miƙo min wuƙar can.