Lakwal Bakwai, Sikeli Ɗaya

Takwas saura biyar, a Bagalam,
Mushe Nomau ya bugi ƙarfen motar da ke rataye a bedi.
Wanda ƙarar ta riska a waje,
gwiwa ƙasa, har rana ta gaisa da ƙeyarsa.

Lakwal bakwai aka jera a takarda ɗaya
kamar buhunan gyaɗa a bakin sikeli.
Bara mu ne na shida.
Bana direkta ya rantse sai na biyu,
ko da za a cinye mana Asabar.

Kuɗin kwano suna hanya, in ji sufeto.
Tun ina da ciki suke hanya;
shekaranjiya na yaye yaron.
Ajina zana ne da kara,
alli guda nakan karya uku.

Jiya Laure ta makara.
Daga Sura ta tako, takalmi a hannu.
Na rubuta sunanta, doka ce.
Lissafin da ya kayar da aji duka
ita ta warware shi a durƙushe,
da yatsa, a ƙasa.

Wa zai gaya wa sikeli
bai auna yashin gwiwarta ba?