Maƙwabtan Ƙarƙashin Dutse

Shekara sittin da ɗaya ina shan wannan ruwa
a bakin tafki, inda baƙin dutse ya tsage,
ban taɓa tambayar sa daga ina yake ba.
Tumakina ma ba sa tambaya.
Ko dogon yini ko dogon dare, sanyinsa ɗaya ne,
ya sari haƙori, ya gangara ƙirji kamar allura.

Sai Bergljót, autata, ta dawo daga Reykjavík
da kwalabe goma sha biyu a akwati
da rariya mai idon da ya fi na gyale ƙanƙanta.
Ta durƙusa inda marigayiya uwarta ke wanke ulu,
ta zura hannu cikin tsagar har kafaɗa,
ta fito da shi ja wur tana hura masa baki.

"Baba, zo ka gai da maƙwabtanka."

Na leƙa. Ruwa ne garau, ba komai.
Can sai wani abu ya motsa a gindin faranti,
bai wuce ƙwayar sha'ir ba,
fari kamar yankan farce,
a lanƙwashe, yana iyo a karkace
kamar wanda aka kama yana barci.
Ɗan'uwan jatan lande ne na nesa, in ji ta.
Ba shi da ido.
Me zai yi da ido
a gidan da rana ba ta taɓa yin sallama ba?

Na ce, to me yake ci?
Makiyayi ne ni, tambayar da na iya ke nan.

Ta kama yatsana ta goga a cikin tsagar.
Santsi, da ɗan yauƙi.
"Ka taɓa makiyayarsa. Bakteriya ce, dubu kan dubu,
ta shimfiɗu a jikin dutse kamar sabon tsiro.
Wasunsu ba su san ganye ba, ba su san haske ba,
ɗan abin da ruwa ya laso daga dutse
shi suke juyawa ya zama rai.
Su ci dutse, shi ya ci su."

Ta ce sa'ad da ƙanƙara ta danne ƙasar nan,
ta haɗiye har duwatsun da kake gani can,
ba tsuntsu, ba tsiro, ba sawun kowa,
ana jin suna nan ƙasa,
inda ɗumin cikin ƙasa ya hana ruwa daskarewa,
suna kiwonsu a duhu
ba wanda ya gaya musu an yi wani abu a sama.

Ni da nake ƙirga kakanni tara a gonar nan,
ina hura hanci wa Kolbeinn na ƙetaren tafki
don nasa biyar ne kacal!
Ashe ni da shi jiya muka sauke kaya.

Ta tsinci bakwai ta jefa cikin kwalbar barasa.
Suka ɗan shura, suka yi shiru.
Ta rubuta rana da wuri a murfi,
ba ta dube ni ba, ni ma ban ce komai ba:
na yanka raguna fiye da yadda zan tuna.
Na takwas ya maƙale a gefen rariya.
Na ce, bar mini wannan.

Na sa shi a tafin hannu da ɗan ruwansa,
ban ji nauyinsa ba, sanyi kawai na ji.
Na nutsa hannun a bakin tsaga.
Bai yi godiya ba, bai waiwayo ba,
ya bi ta gefe ya shige.

Ta tafi ran Talata, kwalabe na kacau-kacau a bayan mota.
Da yamma na sauko da buta kamar kullum.
Tsohuwar tunkiyata mai kaho ɗaya ta riga ni,
ta kafa baki tana zuƙa, ba ruwanta.
Ni kuwa na tsaya, butar a hannu,
kamar baƙo a ƙofar gida
yana jiran a ce masa shigo.