Ƙirga Goma

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa jirgin ƙasa
tsakanin Kanazawa da Nanao,
ban taɓa makara da minti biyu ba.
Ga ni na ajiye aiki, ƙirga goma ta gagare ni.

Tsohuwa Myoshin ce ta zaunar da ni,
fuska ga bango, baƙin matashi a ƙarƙashina.
"Shaƙa, saki, ɗaya. Shaƙa, saki, biyu.
In ka ɓace, koma ɗaya.
Ba mai cin ka tara."

Ɗaya. Sanyin katako na hawa ƙafa.
Biyu. Ƙanƙara ta zamo daga rufi, tim.
Uku. Anya na kashe murhu?
Huɗu, sai Fumie ta shigo
da kwandon lemu, da tarin nan da ya ƙi barin ta,
in tashi in bi ta har asibiti,
har bayan asibiti.
Koma ɗaya.

Na kai ƙarar kaina wurin tsohuwa.
Tana kankare tukunya, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Kurihara, wace tasha kake saurin kaiwa?"

Bana hunturu na biyu ke nan.
Gwiwa ta rage mita.
Tsagar bangon nan na san ta kamar zanen tafin hannuna.
Har yau a huɗu take zuwa.
Na daina korar ta, na daina bin ta.
Nakan ɗan matsa mata a tabarma
mu saurari ƙararrawa tare,
sannan a hankali, yadda nake tayar da jirgin asuba,
in ce: ɗaya.